Alkunyar Da Ba Tasa Ba

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa Maisun ta cika tsoro, na gani, na karanta. Ku je ku zauna a kujerarta wuni ɗaya, ranar Talata, sannan ku dawo mu yi magana.

* * *

Mutumin bai ɗaga murya ba. Abin da ya fara tsinka wa Maisun zuciya ke nan.

Masu ihu ta saba da su. Tun da hukumar gari ta ɗauke ta aikin karɓar jama'a a cibiyar wasanni ta unguwarsu a birnin Irbid, ba irin ihun da ba ta ji ba. Akwai Umm Firas, wadda duk Talata sai ta tsaya a gaban kantar karɓar jama'a ta rantse ruwan tafkin ninƙaya ya fi na firji sanyi. Akwai wanda ya ce sai ya kai ta gaban shugaban hukuma saboda an ɗauke masa warin silifa. Irin waɗannan murmushi ake yi musu, a kira su da alkunyarsu, su huce su tafi. A nan kam Maisun ba ta da na biyu. Da aka tura su kwas, wani matashi mai kwat ya wuni yana nanata musu cewa ba abin da ya fi daɗi a kunnen mutum kamar sunansa. Kowa ya duƙufa yana rubutawa, ita ko biro ba ta buɗe ba. Sau ɗaya za ka zo, ta riƙe: Abu wane, Umm wane, wato uban wane, uwar wane. Har takardar yabo aka ba ta, ga ta can a bango.

Wannan kuwa ya shigo kamar mai shiga gidan makoki. Ya yi sallama a hankali, ya ɗora tafukansa biyu a kan kantar.

"'Yar'uwa, yau ce ranar mata?"

"Yau ce. Maza sai ƙarfe biyar."

"Na sani. Ba wanka na zo ba."

Ya zaro waya daga aljihu, ya juyo mata da ita.

Rudaina ce a hoton. Ta fi jiki a lokacin, kumatu a cike, amma ita ce. Rudaina wadda a daidai wannan lokacin take bayan shuɗin labulen can, cikin ruwa har wuya, tana ɗaga kafaɗar da likita ya ce in ba ta riƙa motsa ta a ruwa ba za ta sandare.

Maisun ta sauke ido kan hannun da ke bisa kantar. Zoben azurfa mai jan dutse. Ta san labarin zoben nan. Ta ga tabonsa a bayan kunnen Rudaina.

"Matata ce," ya ce. "Ta bar gida a garinmu Mafrak, an kusa shekara uku. Wata ta ce ta ga mai kama da ita tana sauka daga bas a ƙofar nan, ranar wata Talata."

Maisun ta saci kallon ƙofar waje. Kujerar mai gadi ba kowa. Abu Gassan ya tafi sallar la'asar, shi kuma sallarsa tafiya ce, sai ya biya wajen mai shayi. Shugaban cibiya, Ustaz Haisam, duk Talata yana taro a hukuma. Kowa ya san taron cin mansaf ne, shinkafa da naman rago, a gidan mahaifiyarsa.

Ita kaɗai ce. Daga ita sai kantar sai labule.

"Ba ma faɗin waɗanda ke ciki," ta ce. Ta yi mamakin yadda muryarta ta fito daidai. "Dokar wuri ce, ba tawa ba."

"Ko ga miji?"

"Ko ga uba."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin tumatir.

"Doka mai kyau. Ban ce ki faɗa ba. Ke dai kalli hoton, ni in kalli fuskarki."

Ya matso da wayar.

Ta kalla. Ta ɗaura fuskar da take ɗaura wa Umm Firas, fuskar da ba ta cewa i, ba ta cewa a'a. 

Wayar ofis ta yi ƙara. Ba ta taɓa son ƙarar nan kamar yau ba.

"Cibiyar wasanni, barka da yamma. Na'am, Umm Lais. Lafiya lau. Koyon iyo na yara ranar Asabar ne. A'a, sai ya cika huɗu. Na sani yana da wayo, Umm Lais, amma ruwa ba ya duba wayo."

Ta ja maganar iya ja. Ta tambayi jikin surukar Umm Lais, ta tambayi jarrabawar babbar 'yarta. Shi ko yana tsaye, bai ƙosa ba. Har Umm Lais ta gaji ta yi sallama.

Da ta ajiye wayar, sai ta tarar ya daina kallonta. Kwalbar alewa yake kallo, wadda ke gefen kantar.

"Ta yara ce?"

"Ta yara ce."

"Allah ya raya su." Ya shafi murfin da ɗan yatsa. "Ni Allah bai ba ni ba tukuna."

Nan ne Maisun ta yi abin da bai kamata ba: ta dube shi sosai.

Girar. Gira mai kauri wadda ta haɗe a tsakiya, ta ɗan tashi a gefen hagu. Ta san girar nan. Duk Talata tana ganinta a kan wata 'yar ƙaramar fuska.

Rudaina ta gudu da cikin wata biyu da ba ta gaya wa kowa ba. Ta haihu a nan Irbid, a ɗakin wata tsohuwar da ta ba ta mafaka, ta sa wa yaron sunan mahaifinta marigayi: Rakan. Yanzu haka yana cikin ƙaramin tafki, da robar iska a damatsansa, yana dukan ruwa. Duk Talata in sun fito, Maisun takan girgiza kwalbar nan ta ce, "Ina Rakan?" Shi kuma ya miƙe a kan yatsunsa ya ce, "Na'am!" sannan a ba shi guda. Ita ta koya masa. Wata guda ta yi tana koya masa, don da can in an kira shi ɓuya yake yi a bayan uwarsa.

Uban Rakan ne wannan, ta ce a ranta. Uban Rakan ne, bai kuwa sani ba.

Mutumin ya mayar da wayarsa aljihu. Kafaɗunsa suka sauka. A karon farko ya yi kama da wanda ya taso tun asuba.

"Na zagaya wurare da yawa a garin nan," ya ce. "Ko'ina amsa ɗaya. Wataƙila matar ta yi kuskure. Ki yafe ni, na tsayar miki da aiki."

"Ba komai."

Ya juya. Ya nufi ƙofa.

Wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa. Ya tafi. Ya Allah, ya tafi. Bakinta ya buɗe da kansa, kamar yadda yake buɗewa bayan kowane mai fita, da muryar nan da ta ciyo mata takardar yabo.

"Allah ya kiyaye hanya, Abu Rakan."

Hannunsa na kan marfin ƙofa.

Bai buɗe ba.

Da a ce matashin nan mai kwat yana kusa, da na so ya zo ya ga yadda suna ke daɗi a kunne.

Mutumin ya saki ƙofar. Ya juyo a hankali.

"Me kika ce?"

"Na ce Allah ya kiyaye hanya."

"Bayan nan."

"Ban ce komai ba bayan nan."

Ya dawo. Bai yi sauri ba. Ya sake ɗora tafukansa a inda suke ɗazu.

"Ni ban gaya miki sunana ba, 'yar'uwa."

"Na ɗauka wani ne. Kuna kama da wani mai zuwa ƙwallo ranar Alhamis."

"Haka ne?"

"Wallahi kuna..."

"Kar ki rantse. Ba na so ki ɗauki zunubi a kaina." Ya ɗan yi murmushi. "Sunana Nawwaf. Sunan mahaifina Mifli. Tun kafin gemu ya fito min ake kirana Abu Mifli, don kowa ya san ranar da na sami ɗa namiji sunan ubana zai ci. Daga Mafrak har bakin iyaka, ba wanda ya taɓa ce min Abu Rakan."

 

"Amma na san Rakan ɗaya," ya ce. "Surukina. Uban Rudaina. Allah ya ji ƙansa."

 Leɓunansa suna motsi, idonsa a kan labule. Tana ganin lissafin yana hawa fuskarsa kamar ruwa na cika bokiti.

"Namiji ne."

Ba tambaya ba ce.

"Ina da ɗa."

Idanunsa suka ciko. Hawaye na gaske, har ɗaya ya gangaro ya shige gashin bakinsa. Mun taso ana gaya mana cewa in namiji ya zubar da hawaye don ɗansa, zuciyarsa ta yi laushi ke nan. Ni dai na rayu na ga mazan da ke kuka da ido, hannu yana aikinsa. Maisun ma ba ta ji sauƙi ba. Gara mata murmushin.

"Yana tafiya?" ya ce. "Yana magana?"

"Ban san abin da kake..."

"Da wa yake kama?"



Ya goge fuska da bayan hannu. Da ya sauke hannun, murya ta canza.

"Ta haifi ɗana a garin mutane. Ta ɗora masa sunan ubanta. Mahaifina ya mutu bara yana tambayata ina mai sunansa."

Ya saki kantar ya nufi labule.

Maisun ba ta san lokacin da ta zagayo ba. Sai ganin kanta ta yi tsaye tsakaninsa da shuɗin ƙyallen, bayanta yana taɓa shi. Tana jin warin maganin ruwa, tana jin shewar mata da fantsamar yara.

"Akwai matan mutane a ciki, ba mayafi," ta ce.  "Mazajensu suna waje cikin motoci. In ka taɓa labulen nan zan yi ihu, kuma ba za ka kai bakin titi da ƙafarka ba. Kai ma ka sani."

Ya sani. Ya tsaya yana kallonta daga sama, kusa har tana jin ƙamshin gahawa a numfashinsa. Hannun nan mai zobe ya ɗaga. Ta runtse ido.

Kujera ya jawo.

Ya ajiye ta a tsakiyar zauren, fuskarta na kallon labule, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Biyar kika ce. Zan jira. Koma wurin aikinki."

Ta koma. Ta ɗauki waya.

"Kira duk wanda kike so," ya ce, bai waiwayo ba. "Har 'yan sanda. Takardar aurena tana aljihuna. Ina ma so a taru, a tambaye ta ɗan wa ta ɓoye."

Abin da Rudaina ta fi tsoro ke nan. Ta taɓa riƙe hannun Maisun a ɗakin canza kaya ta ce, "Ko me zai faru, kar a tara mutane a kaina. In magana ta fita, dattawa za su zo da motoci, a ajiye musu gahawa su ƙi sha sai an ba su abin da suka zo nema. Ni ce abin da za su zo nema. Yayyena kuma ba za su bari gahawa ta huce ba."

Maisun ta kira Ustaz Haisam. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Akwai ƙofar baya, ta ɗakin injin ruwa. Tun bazarar da ta wuce Ustaz Haisam ya ɗaure ta da sarƙa saboda samari suna haurowa su yi wanka kyauta. Makullin yana aljihunsa, yana cin mansaf tare da shi.

Ƙofa ɗaya ce. Ga ta, ga Nawwaf.

Labule ya motsa. Ya miƙe tsaye.

Umm Talal ce ta fito, tsohuwar da ke kula da ɗakin canza kaya, da bokiti a hannu, siket ɗinta a jiƙe har gwiwa. Ta dubi mutumin, ta dubi agogo, ta dubi Maisun.

"Yaushe aka fara ba maza tikitin kallo ranar Talata?"

"Inna, baƙo ne," Maisun ta ce. "Yana jiran... iyalinsa."

"Iyalin wa? Kai ɗan wane ne?"

"Abu Rakan nake, Hajiya." Ya faɗi sunan a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Yau na samu. Wannan 'yar'uwar ce ta raɗa min."

Umm Talal ta juyo ta kalli Maisun. Sau ɗaya. Maisun ta gwammace a mare ta.

Tsohuwar ta ajiye bokiti.

"To, barka da suna. Sai dai kujerar nan ta masu ciki ce. In ba ciki gare ka ba, ɗan nan, matsa can jikin bango. Mata za su fito, ba sa son su yi karo da gwiwar namiji."

Ya ja kujerar, amma kaɗan.

"Maisun, sabulu ya ƙare. Taso ki buɗe min sito."

"Ta zauna," in ji Nawwaf.

"Kai ne sabon shugaba? Ba a gaya min ba, da na yi guɗa."

"Ta zauna, Hajiya. Ke ki shiga. Ki gaya mata ban zo da faɗa ba. Ita in ta so ta yi zamanta a Irbid har ta tsufa. Yaron nake so."

"Wane yaro? Akwai yara cike da tafki, kowanne da uwarsa, kowace uwa da farce."

Ta ɗauki bokitinta. Wajen wucewa ta gefen kantar ta yi magana ƙasa-ƙasa, leɓe bai motsa ba.

"Ki rufe bakin nan. Ko sunan Allah za ki kira, ki kira a zuci."

Labule ya rufe a bayanta.

Ba a jima ba shewar ta tsaya. Fantsamar ta tsaya. Maisun ba ta taɓa jin cibiyar nan shiru haka da rana ba. Sai ƙugin injin ruwa. Ta san an gaya wa Rudaina. Ta hango ta a zuci, tsaye cikin ruwa, tana neman ɗanta da ido.

Abu Gassan ya dawo yana sakace. Maisun ta yafito shi, ta gaya masa a gurguje, rabin maganar a kunne.

Ya kalli Nawwaf, ya sosa ƙeya.

"'Yata, mutum ya zo neman matarsa da ɗansa. Me zan ce masa? Maganar gida ce."

"Baffa, shi ya karya mata kafaɗa."

"Ba mu ji daga bakinsa ba tukuna. Bari in kawo masa gahawa, zuciya ta sauka."

Ya kuwa kawo. Da hannun dama, da ɗan rusunawa. Wannan shi ne mai gadin da hukuma ke biya don ya tsare mata ranar Talata.

Maza sun fara taruwa. 'Yan ƙwallo da jakunkuna a kafaɗa, wasu dattawa biyu masu zuwa gasa gwiwa a ruwan ɗumi, mazajen da suka gaji da zaman mota suka shigo inuwa. Kowa ya zo sai ya gaishe ta.

"Sannu da aiki, Maisun."

Ta ɗaga kai kawai.

"Yau ba za a ce min Abu Sami ba? Ko na yi laifi?"

Ta yi masa yaƙe. Ta ji in ta sake kiran sunan wani mutum a duniya, harshenta zai faɗo.

Biyar ta yi. Ta gota.

Nawwaf ya ajiye kofin gahawa a ƙasa, ya miƙe.

Sai aka yaye labule gaba ɗaya.

Matan Talata ba sa fita tare. Wata sai ta shafe rabin sa'a tana taje kai, wata tana neman ɗan kunne, wata ta tsaya gulma. Yau a dunƙule suka fito, kafaɗa da kafaɗa, baƙaƙen abaya kamar an zubo su daga buhu ɗaya. Kowacce ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, ido kaɗai a waje. Har Ustaza Najwa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ta yi shekaru tana faɗa da masu rufe fuska, yau ta rufe tata har gira.

Yaran kuma ba wanda ke tafiya da ƙafarsa. Duk a ɗauke suke, kowanne an naɗe shi da shuɗin tawul na cibiya tun daga kai har ƙafa. Ba ka ce wannan mace ba, wannan namiji.

Umm Talal na gaba da sandar goge ƙasa.

"A ba mata hanya. Kai mai jaka, ido ƙasa. Uwarka ce ke wucewa."

Maza suka dare biyu, kowa ya sunkuyar da kai. Nawwaf kaɗai bai sunkuyar ba. Idonsa na tsalle daga wannan zuwa waccan, daga tawul zuwa tawul. Hannunsa ya ɗaga, ya sauka. Ba zai iya ba. In ya taɓa mayafin da ba na matarsa ba a gaban mazajen nan, an gama da shi.

Maisun ta gane Rudaina. Ba da ido ba, da kafaɗa: ta hagu ta fi ta dama sauka. Tana tsakiya, hannunta ba komai. Ta rame ƙwarai tun bayan hoton, tafiyarta ma ta canza.

To ina yaron?

Ta gan shi. 'Yar ƙafa ɗaya ta leƙo daga ƙarƙashin tawul, da jan takalmin roba mai hoton kifi. Umm Firas ce ke ɗauke da shi. Umm Firas mai ƙorafin ruwan sanyi, ta manna kansa a ƙirjinta, tana tafiya tana mita da ƙarfi kamar kullum.

"Ruwa kamar ƙanƙara. Sai na rubuta wa hukuma. Haraji muke biya, ba sadaka ake ba mu ba."

Na gaba sun fita. Ana jin buɗe ƙofofin mota.

Rudaina ta zo daidai shi. Tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Gefen abayarta ya shafi ƙafar kujerarsa.

Ya kalle ta.

Ya wuce da ido zuwa ta bayanta.

Maisun ta ji numfashi ya dawo mata.  Rudaina ta kai bakin ƙofa. Umm Firas na biye, mata uku tsakaninsu. Saura kaɗan. Ya Rabbi, saura kaɗan.

Nawwaf ya daina dube-dube.

Ya juyo wajen kantar. Ya kalli Maisun, kallon da ba fushi a ciki, kusan kallon godiya. Ya miƙa hannun nan mai zobe.

Ya ɗauki kwalbar alewa.

"A'a," ta ce. Ko ita ba ta ji muryarta ba.

Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya a gefen hanyar matan, kamar kowane uba. Ya girgiza kwalbar. Ƙarar nan ta kowace Talata ta cika zauren.

Tawul uku suka motsa. Duk yaro ya san alewa.

Sai ya yi kira, a hankali, da murya mai taushi.

"Ina Rakan?"

Umm Firas ta kai hannu za ta toshe ɗan bakin. Tawul ya riga ya zame. Gira mai kauri, haɗe a tsakiya, ta leƙo ta saman kafaɗarta.

"Na'am!"

Rudaina ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki.